Ga mai tambaya kan kafa ƙungiyar gama kai ta sarin abinci

Wa alaikumus salam, Hajiya. Tun jiya na ga tambayarki, cewa ku matan unguwa kuna so ku haɗa kuɗi ku riƙa saro abinci kuna sayar wa junanku da sauƙi, amma kin rasa ko rajista za ku fara yi ko shago za ku kama. Shekara shida ke nan littafin kuɗin irin wannan ƙungiya yana hannuna a unguwarmu nan Kano, don haka abin da idona ya gani zan faɗa miki.

Shago dai ku dakata da shi tukuna. Mu da buhu uku muka fara, masara da gero da wake, daga Dawanau, muka sauke su a zauren ɗaya daga cikinmu. Kowacce ta faɗi kwano nawa take so, ta biya kafin a tafi kasuwa. A nan muka san akwai la'adar dillali, akwai ɗan dako, akwai kuɗin mota. Buhun da aka ce miki kwano arba'in ne, sai ki auna a gida ki ga bai cika ba, idan aka sheƙe aka tsince tsakuwa kuma ya ƙara raguwa. Duk wannan ya shiga farashin kwano, in ba haka ba uwar kuɗi za ku riƙa ci kuna zaton riba ce.

Idan kun yi zagaye uku ko huɗu ba a sami saɓani ba, sai ku nemi rajista. Sashen ƙungiyoyin gama kai na jiha za ku je, mu a nan yana ƙarƙashin ma'aikatar kasuwanci. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta ƙasa ta 1993 ta ce a ƙalla ku kai mutum 10. Za ku kai sunayenku, da dokokin da kuka rubuta wa kanku, da bayanin taronku na farko. Da takardar rajistar nan za ku buɗe asusun banki da sunan ƙungiya, ba a cire ko sisi sai mutum biyu sun sa hannu. Don Allah kada kuɗin jama'a ya kwana a asusun shugaba ko ma'aji, komai amanarta. Dokar ta kuma hana mutum ɗaya riƙe fiye da kashi 20 cikin 100 na hannun jari, kuma ƙuri'a ɗaya kowa ke da ita, da mai jari da yawa da mai kaɗan.

Abin da ya kusa rusa mu shi ne bashi. Wani azumi wata 'yar'uwarmu ta shigo da yamma, ta tsaya a bakin zaure tana murza bakin mayafinta, ta ce maigida na kwance, a taimaka mata da kwano biyar na gero zuwa ƙarshen wata. Wa zai iya hana ta? Na auna mata da hannuna. Kafin Sallah shafin bashi ya kai uku, domin wadda ta ji an ba wata, da wane baki za ki ce mata a'a? Da kaka ta zo, hatsi ya yi araha, muka duba babu kuɗin sari, duk suna cikin gidajenmu. Har gaisuwa ta yi nauyi tsakanin maƙwabta, kuma wannan ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo.

Daga baya na ji labarin masaƙa da wasu masu sana'ar hannu, su 28, na garin Rochdale a Ingila, da suka buɗe ɗan shagonsu a 1844 da fulawa da sukari da man shanu da garin hatsi. Su ma talakawa ne, amma suka ce kuɗi hannu, babu bashi, riba kuma a raba gwargwadon sayayyar kowa. Hakan muka ɗauka. Sai dai ba mu rufe ƙofar tausayi ba: muka ware asusun taimako daban, kowa na jefa abin da ya samu duk Juma'a. Mai buƙata daga can ake ranta mata ba ruwa, ta zo ta sayi geronta kuɗi hannu kamar kowa, ba wanda ya san halin da take ciki sai mu biyu.

Ajiya kuma ku yi hattara. Wake ba ya yafiya, mun taɓa kwance buhu muka tarar ƙwari sun mayar da rabinsa gari. Yanzu buhun PICS muke sa shi, mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowacce tam ba tare da an zuba magani ba, a ɗora kan katako saboda danshi. Kuma abin da za ku ci ku saya, ban da ɓoye kaya don jiran tsada. Waɗanda suka cika sito da masara suna jiran ta hau sun ji jiki a 2025 da farashi ya faɗi.

Ƙarshen kowane wata, mutum biyu da ba su da hannu a sayarwa su zo su ƙirga buhu su auna ragowa, a karanta lissafi a gaban kowa. Idan kun sa ranar taronku na farko ki sanar da ni, zan turo miki dokokin da muka rubuta ku duba abin da ya dace da ku. Allah ya sa albarka.