Tsohuwar 911 ta sojoji da ke ƙin tashi da safe

Malam, ka ce babbar motar nan Benz 911 ɗin da ka saya a gwanjon sojoji in ta kwana ba ta tashi, ko ta tashi ta mutu nan take, kana tambaya ko injekta ce, wato famfon da ke tura dizal cikin inji, ta lalace. Ba na jin ita ce, iska ce ke shiga layin dizal. Sassauta ɗan sukurun da ke kan filta, ka yi ta danna famfon hannu har mai ya fito ba kumfa, ka ɗaure, sannan ka tayar.

Motocin nan kan daɗe a ajiye a bariki, tiyo ya bushe ya tsattsage, sai mai ya sulale ya koma tanki cikin dare. Canja tiyon da washa-washan tagulla, duk akwai su a kasuwar Panteka, ka kuma wanke tankin, don tsatsa ba ta rasuwa a ciki. In ka yi haka amma tana ta farin hayaki tana karkarwa, to a kai nozul, wato kawunan da ke fesa dizal cikin inji, gwaji. Kada dai ka bar bakanike ya cire injektar bai sa alamar taimin ba, wato alamar da za ta nuna yadda za a mayar da ita daidai.