Na Ɗauki Bidiyon Wani Saurayi Yana Ba Budurwarsa Zobe, Yaya Zan Yi da Shi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ranar Asabar da yamma na kai yara Ado Bayero Mall da ke titin Gidan Zoo sayen takalman makaranta. Muna zaune muna shan askirim sai wani saurayi ya matso ya gaishe ni cikin ladabi, ya ce wayarsa ba caji, don Allah in ɗaukar masa bidiyo. Ban san abin da ya shirya ba sai da na ga ya zaro zobe ya miƙa wa yarinyar da suke tare, ya ce in ta amince zai turo magabatansa. Ta rufe fuska da gyale tana dariya tana hawaye, ni ma sai da na share ƙwalla. Ya ba ni lambarsa na tura masa ta WhatsApp, amma ya ce bidiyon ya dusashe. Ta yaya zai isa gare shi yadda yake a wayata? Sannan ƙanwata ta dage sai na sa a TikTok, wai zai ja masu kallo. Daga wata uwa a Tarauni.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya saka miki da alheri, ya kuma tabbatar musu da abin da suka nufa.

Wayarki ba ta yi laifin komai ba. WhatsApp ne yake matse bidiyo kafin ya tura, don kada ya cinye data. A wayoyi da yawa, bidiyon minti ɗaya mai ingancin 1080p yakan haura megabait 100, sai manhajar ta rage masa nauyi sosai, kuma a wajen ragewar ne fuskoki suke dusashewa, musamman in da ma hasken wurin bai wadata ba. Tun 2023 akwai maɓallin HD da ake dannawa kafin turawa, yana gyarawa, amma shi ma yana matsewa.

Ga yadda za ki yi. Ki buɗe hirarku, ki danna alamar maƙala kaya da ke kusa da wurin rubutu, ki zaɓi inda aka rubuta Document maimakon Gallery, sannan ki nemo bidiyon. A haka WhatsApp zai ɗauke shi a matsayin fayil, ba zai taɓa shi ba, kuma yana karɓar har gigabait 2. Sai dai ki shirya data: bidiyon minti uku zai iya cin kusan megabait 400 a wurinki, ya ci kamar haka a wurinsa. In intanet ɗinki tana yawan yankewa, ki ɗora a Google Drive, ma'ajiyar fayiloli ta intanet, wanda yake ba kowa gigabait 15 kyauta, ki ba adireshin imel ɗinsa kaɗai izinin buɗewa. Xender da Quick Share, manhajojin tura fayil daga waya zuwa waya, ba sa cin data, amma dole sai wayoyin biyu suna kusa da juna, kuma ban ga dalilin da za ki sake fita haɗuwa da baƙo saboda wannan ba.

Wani abu da mutane ba sa lura: bidiyon da aka tura a matsayin fayil yana iya tafiya da bayanin wurin da aka ɗauke shi, in kyamarar tana ajiye wuri. A nan babu damuwa tunda kasuwa ce, amma ki tuna da shi ranar da za ki tura abin da kika ɗauka a cikin gida.

Maganar TikTok kuwa, Hajiya, ina roƙonki kada ki sa. Saurayin ne ya nemi ki ɗauka, kuma don kansa ya nema. Ita yarinyar ba wanda ya tambaye ta. Ni da ke mun san cewa a Kano zobe ba baiko ba ne. Sai manya sun je da goro, an karɓi gaisuwa, an sa rana, sannan magana ta zauna. Wataƙila mahaifinta bai ma san da yaron ba tukuna. Ki duba yadda zai ji in ya fara ganin 'yarsa a wayar wani abokinsa a majalisa, kafin kawunnan yaron su yi masa sallama. Irin wannan kaɗai ya isa ya ɓata abin da bai gama ƙulluwa ba. In kuma Allah bai yi auren ba, ita ce fuskarta za ta ci gaba da yawo, ita za a riƙa nunawa.

Ƙanwarki za ta ce ai ana iya gogewa. Abin da za ki goge shi ne na shafinki kawai. TikTok yana da maɓallin saukewa, ko kin rufe shi kowace waya ta yanzu tana iya naɗar abin da ke kan fuskarta. Ko Status na WhatsApp da yake ɓacewa bayan awa 24, wanda ya ga dama ya kwafe kafin nan. Doka ma tana nan: sashe na 37 na kundin tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗauki duk abin da za a iya gane mutum da shi a matsayin bayanansa. Ƙanwar taki ma kada ki tura mata. In masu abin suka ga dama, bayan ɗaurin aure sai su sa da hannunsu.

Idan saurayin ya tabbatar miki ya sauke bidiyon kuma ya buɗe, ki goge naki, musamman tunda yara suna taɓa wayar. Gogewa sau ɗaya ba ta isa. A iPhone da Samsung abin da aka goge yana zama a kwandon shara kwana 30, a Google Photos kuma kwana 60 in an riga an ɗora shi can. Ki shiga kwandon ki ƙarasa shi. Sannan ki koma hirarku ta WhatsApp ki cire duka biyun, wancan da ya dusashe da wannan na biyu, ki zaɓi gogewa a wurinki kaɗai don nasa ya zauna.