Shin tsare yaro mai laifi yana gyara halinsa?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gidan gyaran hali shi ne maganin yaron da aka kama da sata ko faɗa. A ganina tsarewa mataki ne na ƙarshe, kuma haka sashe na 37 na Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989 ya tanada, bisa sharaɗin a taƙaita lokacin, a kuma raba yaro da manyan fursunoni. Hankalin matashi bai gama nuna ba, saboda haka idan aka haɗa ɗan shekara 14 da ya saci waya ɗaki ɗaya da riƙaƙƙun ɓarayi, zai fito ya iya fasa ƙofa.

Hanyar da ta fi kwanta mini a rai ita ce wadda ke jawo iyali ciki. A Niyu Zilan, tun 1989 ake zaunar da yaro da iyayensa da wanda ya cuta, ya ji da kunnensa ɓarnar da ya yi, sannan a amince da diyya ko aikin da zai yi. Shi kuwa shirin da aka gwada a Amurka na kai yara ziyara kurkuku domin a razana su, bincike ya nuna ƙara musu aikata laifi yake yi.

Idan tsarewar ta zama dole, to gidan ya kasance ƙarami, mai makaranta da koyon sana'a da maganin shaye-shaye, kuma a naɗa jami'in da zai riƙa bibiyar yaron bayan sallama, domin a lokacin ne tsofaffin abokansa ke zuwa nemansa.