Tambayoyi da Amsoshi kan Fasaha: Waya da Kula da Yaro Mai Asma ko Ekzima

Tun da ƙurar hunturu ta fara sauka, yawancin saƙonnin da suka iso wannan fili daga jihar Kebbi sun karkata ga abu guda, wato yadda waya za ta taimaka wajen kula da ƙananan yara masu asma ko ekzima, ciwon nan da ke busar da fata ya sa ta ƙaiƙayi. Sana'ata waya ce da kwamfuta, don haka zaɓen magani da yawansa aikin likita ne. Nawa shi ne bayyana abin da na'ura ke iyawa da inda iyawarta ta tsaya.

Malam, ɗana mai shekara 3 yana da asma. Na sauke wata manhaja da ake ɗora yatsa a kan kyamara ta nuna yawan iskar oksijin a jini. Zan iya dogara da ita idan ciwon ya tashi da dare? Daga wani magidanci a Jega.

Malam, kada ka dogara da ita. Na'urar asibiti da ake maƙala wa yatsa tana haska haske iri biyu ta cikin tsoka, ɗaya ja, ɗaya kuma ido ba ya ganinsa, sannan ta kwatanta yadda jini ya shanye kowannensu. Kyamarar waya da farar fitilarta ba don wannan aiki aka ƙera su ba, kuma idan ka karanta ƙananan rubutun da ke ƙasan irin waɗannan manhajoji, galibi za ka tarar su da kansu sun ce kada a yi amfani da su wajen lamarin jinya.

Ko na'urar ta gaskiya ma tana da nata raunin. Wadda aka yi don manya ba ta kama yatsan ƙaramin yaro da kyau, kuma sanyin hannu, motsi da fentin farce duk suna karkatar da sakamakonta. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan ta Amurka sun gano cewa na'urar na kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata, har hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta fitar da gargaɗi a watan Fabrairun 2021. Saboda haka idan na'ura ta nuna lamba mai daɗi alhali yaron yana fama, abin da idonka ya gani shi ne abin bi.

Amfanin wayarka na gaske yana cikin agogonta da kyamararta. Idan yaron yana zaune ko kwance ba ya kuka, ka ɗaga masa riga, ka kunna agogon ƙidayar daƙiƙa, ka ƙirga numfashinsa na minti ɗaya cikakke. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, numfashi 40 ko fiye a minti ga yaro mai shekara 1 zuwa 5 ya yi sauri, ga jariri mai wata 2 zuwa 11 kuma 50 ne. Idan ka ga ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa magana ko shan ruwa, ko leɓɓansa sun sauya launi, ko jikinsa ya saki, to ba lokacin taɓa waya ba ne. Ka ba shi inhelar gaggawa, wato maganin fesawa da ake shaƙa ta baki idan ciwon ya tashi, yadda likita ya koya maka, ku nufi asibiti nan take.

Idan kuwa abin bai kai haka ba, ka kashe rediyo da fanka, ka ɗauki bidiyon ƙirjinsa na rabin minti. Asma ta fi tashi da dare da asuba, kuma sau da yawa kafin a kai gaban likita da hantsi yaron ya warware yana wasa, sai uba ya rasa yadda zai kwatanta abin da ya gani. Haka nan ka riƙa rubuta kowace ranar da aka nemi inhelar gaggawa, domin yawan neman ta shi ke nuna wa likita ko maganin rigakafin yana aiki. Ka kuma rubuta ranar da aka buɗe sabuwa: yawancin gwangwanayen salbutamol, maganin da ke cikin inhelar gaggawa, feshi 200 suke ɗauka, da yawansu ba su da maƙirgi, kuma suna ci gaba da yin fesa ko bayan maganin ya ƙare. Inhelar rigakafi da ake sha kullum kuwa, ƙararrawar waya bayan sallar Asuba da ta Isha ta wadatar, ba sai an sauke wata manhaja ba.

Malam, 'yata tana da ƙaiƙayi a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. Na tura wa wata ma'aikaciyar jinya hoto ta WhatsApp, ta ce ba ta ganin komai. Google Lens kuma ya nuna mini cututtuka masu ban tsoro. Daga wata uwa a Argungu.

Hajiya, da alama laifin kyamara ne. Wayoyin da muka fi riƙewa, irin su Tecno, Infinix da itel, suna zuwa da tsarin gyaran fuska wanda aikinsa shi ne goge tabo da sulɓe fata, wato yana share ainihin abin da kike so a gani. Ki kashe shi, ki yi amfani da kyamarar baya, ki fito da yarinyar inuwa da rana ba tare da filashi ba, ki ɗauki hoto ɗaya daga nesa don a gane wane sashen jiki ne, ɗaya kuma daga kusa. Wajen turawa, WhatsApp yana matse hoto don rage cin data, don haka ki danna alamar HD ko ki tura shi a matsayin Document. Ki rufe fuskarta da al'aurarta, ki tura wa ma'aikaciyar ita kaɗai. Hoton jikin yarinya ba abin sakawa a zauren dangi ba ne.

Game da Google Lens, hotuna masu kama da naki yake nemowa, ba gwaji yake yi ba, kuma yawancin hotunan cututtukan fata da ke intanet na farar fata ne. A jikinsu ekzima ja take fitowa, a jikinmu kuwa takan yi duhu, ko toka-toka, ko ta fito da ƙananan ƙuraje, har a ruɗe ta da ƙazuwa ko makero, waɗanda maganinsu daban ne. Hoto ɗaya a kowane mako, a wuri ɗaya da haske ɗaya, ya fi wannan bincike amfani nesa ba kusa ba, domin zai nuna ko shafa mai bayan wanka yana kawo sauƙi.

Manhajar yanayi tana nuna lamba 180 da jan launi a Birnin Kebbi. Me hakan ke nufi ga yaro mai asma? Daga wani malamin makaranta.

Malam, ma'aunin gurɓatar iska ne. A tsarin Amurka da yawancin manhajoji ke bi, abin da ya haura 100 yana cutar da masu rauni irin su yara masu asma, abin da ya haura 150 kuma yana cutar da kowa. Ga garuruwa irin namu lambar galibi kiyasi ce daga tauraron ɗan adam da lissafin kwamfuta, amma tana kama manyan ranakun ƙurar da iska ke kwasowa daga yankin Bodele na ƙasar Chadi, kuma hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, NiMet, ita ma tana fitar da hasashen hazo. A irin wannan rana a rage wa yaro wasan waje. Sai dai babu manhajar da ke ganin cikin gidanka: hayaƙin itace, turaren wuta, maganin sauro na ƙonawa, ƙaiƙayin shinkafa lokacin sussuka, da hayaƙin janareton da aka ajiye gindin taga don cajin ita wannan wayar.

Ina so in saya wa jikana injin nebulaiza, amma wuta ba ta zama a unguwarmu. Daga wani dattijo a Yauri.

Baba, Allah ya ƙara girma. Nebulaiza, wato injin da ke mayar da maganin ruwa ya zama feshin da ake shaƙa, akwai ƙananansa masu batir da ake cajawa da wayar USB, amma kafin ku kashe kuɗi ku tambayi likita game da sifesa, wato bututun da ake haɗawa da inhela, mai abin rufe hanci da baki ga ƙananan yara. Ga yawancin tashin asma aikinsa bai gaza na nebulaiza ba, kuma ba ya buƙatar wuta. Wani bincike da aka yi a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu aka buga a 1999 ya nuna cewa ko robar lemo mai mililita 500 da aka gyara da kyau tana yin wannan aiki, sai dai ma'aikacin lafiya ne ya kamata ya nuna muku yadda ake haɗa ta.

Na ga wani mai a TikTok an ce yana kashe ekzima cikin kwana uku. Ta yaya zan tantance shi? Daga wata matar aure a Zuru.

Malama, ki nemi a turo miki hoton kwalin ta kowane gefe. Ki duba lambar rajistar NAFDAC, ki bincika sunan a rumbun hukumar na intanet mai suna Greenbook. Idan kwalin na da wurin kankarewa, ki kankare, ki tura lambar da ta fito ta saƙon tes zuwa inda aka rubuta a jikinsa. Amma rajista ba ta nufin maganin ya dace da yaro. Ki karanta jerin sinadaran: idan kin ga clobetasol ko betamethasone, magunguna ne masu ƙarfi da ke lafar da ƙaiƙayi da sauri, amma yawan shafa su yana sirantar da fatar yaro ya kuma shiga jininsa, musamman a fuska da wurin kunzugu. Wanda aka ɗura a roba ba suna ba jerin sinadarai kuwa, babu wata waya da za ta iya tantance shi, kada ya taɓa jikin yaronki.