Ku Tambayi Anti: Ƙanwata na Saudiyya an riƙe mata fasfo, ta gudu ko ta zauna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, daga Jega nike rubuto miki. Ƙanwata ce bazawara mai ɗiya biyu, wani ejan ya kai ta Saudiyya aikin shagala, wato aikatau a gida, bara bayan sallar layya, sai da muka sai da gonar gado muka cika mishi kuɗinshi, ya ce tsohuwa ɗaya za ta riƙa kula da ita. Da ta isa ashe gida ne mai hawa uku, ita ce shara ita ce wanki ita ce raino, in ta gama a sa ta mota a kai ta gidan uwar matar ta yi can ma. Fasfonta na hannun mai gidan tun daga filin jirgi, wata huɗu ke nan ba albashi, wayar ma sai cikin dare take shiga banɗaki ta kira mu tana kuka ƙasa-ƙasa. Wata 'yar garinmu da ke Jidda ta ce ta gudo wurinta kawai. Ejan ya daina ɗaga wayarmu. Mi za mu yi don Allah?

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, Allah ya kawo mata mafita. In dai ba dukanta ake yi ba ko mai gidan yana neman ta da lalata, kada ku ce mata ta gudu tukuna. In kuwa akwai ɗaya daga cikin biyun nan to ba zancen haƙuri, ta fita ta nufi 'yan sanda ko ofishin jakadancinmu, akwai a Riyad akwai ƙarami a Jidda.

Dalilina shi ne tsarin kafala, wato iƙamarta, takardar izinin zamanta a ƙasar, a ɗaure take da sunan kafil ɗinta, mai gidan da ya ɗauke ta aiki. Ranar da ta tsallake ƙofa, shi zai je ya kai rahoton ta gudu, abin da suke ce wa hurub, daga nan ta zama takari ba takarda, ba asibiti cikin kwanciyar hankali, kullum tana ɓuya, ranar da aka kama ta sai tarhil na Shumaisi, gidan da ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, ta yi zaman da Allah ya rubuta mata a dawo da ita da 'yar leda a hannu, albashin wata huɗun nan kuma an yafe wa mai gida ke nan. Wasu ma har sharrin sata suke ɗora wa yarinya don su rufe bakinta. Ita 'yar garinkun ban ce tana da mugun nufi ba, amma ku tambaye ta ita wace takarda take zaune da ita.

An yi ta yayata cewa Saudiyya ta sassauta kafala a 2021, gaskiya ne, sai dai gyaran bai haɗa da 'yan aikin gida ba. Duk da haka tana da haƙƙi. Riƙe fasfon ma'aikaci laifi ne a dokarsu, kai ta aiki wani gida daban ba ya cikin yarjejeniya, kuma rashin biyan albashi na watanni hujja ce da za a iya sauya mata kafil. Ta ɗauki hoton iƙamarta da kwantiragi in tana da shi, da lambar mai gidan, ta turo muku ta goge a wayarta. Ta kira ma'aikatar ƙwadagonsu a 19911 ta shigar da ƙara, in Larabcin bai zauna ba ta nemi wanda zai tsaya mata. Ku bincika kuma da wace biza ta shiga, don in ta Umra ce ko ta ziyara to tun farko ejan ya cuce ku, babu kwantiragin da zai kare ta, nan sai dai jakadanci.

Shi kuma ejan ai ba aljani ba ne, yana da gida yana da dangi. Ku tattara rasit ko alat na banki da duk saƙon da ya turo, ku kai wa NAPTIP, hukumar yaƙi da fataucin mutane, ofishinsu na shiyya yana Sakkwato kuma Kebbi na ƙarƙashinsa, ku rubuta wa NiDCOM ma, hukumar kula da 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje. Irinsu da sun ji hukuma ta shigo wayarsu take fara aiki, kuma su ne suka san ofishin da ya karɓe ta a can.

Sai abin da ba ka tambaya ba amma zan faɗa. In ta kira kada kowa ya yi mata zancen gonar da aka sayar. Mata da yawa kunyar dawowa hannu rabbana ce ke zaunar da su cikin wuta. Inna ta faɗa mata da bakinta cewa ta dawo ko da kayan jikinta ne.

TAMBAYA: Anti ni matashi ne daga Kamba, ina aikin gini, abokaina sun ce mu bi ta Gaya mu wuce Agadas mu shiga Libiya, wai can lebura ma yana tara kuɗi. Ya kika gani?

AMSA: Ƙanena, wasu suna samu, ba zan yi maka ƙarya ba, amma hoton wanda ya samu kaɗai kake gani a Facebook. A 2013 gawa 92 aka tsinta a sahara kusa da Arlit, yawancinsu mata da yara, mota ce ta lalace ƙishirwa ta gama da su. A 2017 duniya ta ga bidiyon da ake gwanjon mutane a Libiya. A wajen Sabha kuwa ana tsare baƙi a kira iyayensu a waya suna jin ana dukansu har sai an tura kuɗi. In ka yi gini aka hana ka ladanka can, wa za ka kai wa ƙara, kai da ba ka da takarda? Kuɗin motar nan ka sayi kayan aiki da su ka koyi tayil ko fulasta a Birnin Kebbi tukuna.