Tambayi Likita: Kuka, Dangana Da Samun Sauƙin Rai

Tambaya: Likita, wata bakwai ke nan da rasuwar maigidana. Na fita takaba, amma har yau in na ga takalminsa a bakin ƙofa sai hawaye. Maƙwabta suna cewa rashin tawakkali ne. (Wata baiwar Allah, Agege)

Amsa: Allah ya jiƙansa, ya kai haske kabarinsa. Hajiya, takaba ce ke da adadi, wata huɗu da kwana goma. Kewar miji ba a yanka mata rana ba. Manzon Allah (SAW) ya zubar da hawaye da ɗansa Ibrahim ya rasu, to wa ya kai shi tawakkali? Maganar maƙwabtan nan tana damuna, don na ga mata da yawa da irinta ta sa suka haɗiye kuka, suka zo mana da rashin barci da ciwon kai.

Dangana ita ce ki yarda ya tafi, in baƙin ciki ya taso ki bar shi ya sauka da kansa. A 1987 wani masanin halayyar ɗan'adam a Amurka, Daniel Wegner, ya hana wasu mutane tunanin wata farar dabba. Sai tunanin ya yi ta dawo musu, da aka sake su ma ya ƙaru. Kin dai san abin da ruwan damina ke yi a Legas in kwata ta toshe: ɗaki yake shiga. Ki yi kukanki, ki ambaci sunansa gaban yara, ki yi masa addu'a. Amma in abin ya hana ki cin abinci, ko kula da yara, ko fita sana'a, Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar irin wannan a matsayin ciwo idan ya wuce wata shida, kuma ana maganinsa.

Tambaya: Tun da aka hana acaɓa a wasu sassan Legas a 2022 aka kama babur ɗina, ban sake tsayawa da ƙafata ba. Kullum ina lissafin da na bi wata hanya ranar. Sai na sha tramadol nake samun sukuni. (Wani matashi, Idi-Araba)

Amsa: Ƙanena, "da na sani" ƙeya ce, kuma ka daɗe kana waiwayenta. Babur ya tafi, ba laifi ka ji zafinsa, gumin shekaru ne. Ka samu takarda ka raba ta biyu: abin da ya fi ƙarfinka, da abin da ke hannunka a wannan makon, ko dako ne a kasuwar Mile 12, ko yaron shago. Ka sa ƙarfinka a ɓangare na biyu.

Tramadol kuwa tana jinkirta ciwon ne kawai, ga jaraba, ga farfaɗiya da take iya tayarwa. Kada ka daina ta farat ɗaya, jiki zai yi bore. A asibiti ake rage ta sannu a hankali. Asibitin koyarwa na Jami'ar Legas, LUTH, yana unguwarku, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Yaba. Na san sunan Yaba kaɗai yana tsorata mutanenmu, alhali da yawa ganin likita suke yi su koma gida a ranar. In ka taɓa jin gara ka mutu, ka gaya wa wani na kusa da kai yau, ku tafi tare, ko ka kira lambar gaggawa, 112.

Tambaya: An ce ina da hawan jini. Na karɓi ƙaddara, na bar wa Allah, na ajiye magani. (Wani dattijo, Obalende)

Amsa: Baba, wanda ya karɓi ciwo shi ne ke shan maganinsa. Hawan jini yakan yi shiru har ya kai ga shanyewar ɓarin jiki ko ciwon ƙoda. Ku koma kan magani, ku rage gishiri da dunƙulen miya, a riƙa auna ku.

Tambaya: Mijina yana dukana. Gida sun ce in yi haƙuri, haka aure yake. (Wata matar aure, Mile 12)

Amsa: 'Yar'uwa, abin da za ki yarda da shi a nan shi ne cewa ana cutar da ke, kuma ba ke kika jawo ba. Mutuwa ce ba a iya sauyawa. Duka ana iya tsayar da shi. Ki je asibiti a duba ki, a rubuta raunukan. Ki sanar da waliyyinki ko limamin da kika amince da shi, ki kuma tanadi gidan da za ki kwana da yara in dare ya yi muni. Gwamnatin Legas tana da hukuma ta musamman mai karɓar koken cin zarafi a cikin gida, ana kiranta DSVA.