Me ya sa oba-oba take mutuwa a cikin kogo?

Ka tambaye ni: "Maigida, oba-obar da take kai kilomita uku a fili, me ya sa da an shiga kogo ko ramin kuza an sha kwana sau biyu sai ta yi tsit? A ƙara mata ƙarfi ne?"

Kada ka ɓata kuɗinka, yaro. Oba-oba tana aiki ne a megahaz 150 ko 450, kuma jiƙaƙƙen dutse da ƙasa suna shanye irin wannan sigina a cikin 'yan mitoci. Ko ka ninka wat ɗinta sau goma, 'yan taku kaɗan za ka ƙaru da su. Maganin shi ne a sauko da zangon siginar ƙasa sosai, can ƙarƙashin na tashoshin rediyo masu dogon zango. Rediyon kogo da aka fi sani, HeyPhone, wanda John Hey ya ƙera a Ingila, a kilohaz 87 yake magana da tsarin SSB, wato hanyar aika murya mai tattalin wuta, kuma an kai irinsa kogon Tham Luang na Tailan a 2018 lokacin ceto yaran nan 'yan ƙwallo.

Ga lissafin da za ka riƙe. A kilohaz 87, ƙasa mai turjiyar om-mita 100 (ma'aunin yadda take hana wuta wucewa) tana rage sigina zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku a duk mita 17. Dutse mai om-mita 1,000 kuwa sai an yi mita 54. Shi ya sa busasshen dutse irin na Shere ya fi jar ƙasar tsofaffin ramukan Bukuru sauƙin ratsawa, balle da damina.

Eriya ita ce aikin, kuma iri biyu ce. Ta farko zobe: ka naɗa wayar tagulla zagaye 18 a kan da'ira mai faɗin mita ɗaya, za ka samu kusan milihenri 1 (ma'aunin naɗin waya). Auna da na'urar awo, kada ka yarda da ƙirga kawai. Ka haɗa mata kafasita nanofarad 3.3 ta sauka a kilohaz 87. Ka sa kafasita ta polifurofilin mai ɗaukar bolt 1,000 ko fiye, domin in zoben ya daidaita ɗaruruwan bolt ne ke taruwa a kansa, ƙaramar siramik kuwa zafi take yi ta goce. Zoben sama, na wajen kogo, da na ƙasa, na cikinsa, duk a kwance za su kasance. In ɗaya ya tsaya ɗaya ya kwanta, ba abin da za ka ji. Raunin zobe nisa: ka ninka tazara biyu, sigina ta koma ɗaya cikin takwas.

Ni na fi yarda da ta biyu, wato turaku. Ka ja waya mita 25 zuwa 50 dama, irinta hagu, ka kafa turken ƙarfe a ƙarshen kowace, wutar ta bi ta cikin ƙasa. A kogo ba wurin kafa turke, sai ka tuɓe mita biyar na ƙarshen wayar ka binne a laka ko ka nutsa a ruwa. Nan yawancin matsala take. Da rani ƙasar Jos ta bushe ƙamas, turke bai kama ba, sai a ɗora wa na'ura laifi. Zuba ruwan gishiri a gindinsa, ko ka jera turaku uku ka haɗe su. Layin sama da na ƙasa kuma su fuskanci gefe guda.

In ka ji ƙara kamar ana suya, duba kusa da kai kafin ka buɗe akwatin na'urar. Inbata, janareta, cajar waya, har fitilar LED ta goshinka suna zuba hayaniya a wannan zango. Kashe su ɗaya bayan ɗaya. Hadari in ya taso kuwa, cire wayoyin sama gaba ɗaya, tsawa ba ta san gwaji ba.

Batir bolt 12 mai amfiya-awa 7 ya wadatar. Sa masa fis mai amfiya 3 dab da kansa. Akwati ya zama mai zoben roba, ka jefa ƙunshin silika a ciki, domin raɓar kogo ta fi ruwan da kake gani cin bod, wato allon lantarkin na'urar.

Amma in ramin bai wuce mita 200 ba kuma a miƙe yake, bar rediyo. Ja waya guda ɗaya mai rufi, ƙasa ta zama ta biyun, ka sa tarho a kowane baki. Ya fi arha, kuma in ya yi shiru ka san wayar ce ta tsinke, sai ka bi ta da hannu.